Tukunyar Gas a Gidan Musulmi: Wutar da Aka Umarce Mu Mu Kashe Kafin Barci

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam wuta domin ya dafa abincinsa, ya ji ɗumi, ya haskaka darensa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a hunturun da ya gabata na je ta'aziyya wani gida a unguwarmu. Uwargida ce Allah Ya yi wa rasuwa bayan ta yi kwana shida tana jinyar ƙuna a asibiti. Ta tashi ne da asuba domin ta ɗora ruwan zafi na alwala da na wankan yara 'yan makaranta. Da ta buɗe ƙofar kicin sai ta ji wari, ta miƙa hannu ta danna makunnin lantarki don ta ga abin da ke faruwa. Wannan dannawar ita ta tada wutar.

Muna zaune a kan tabarma, kowa ya zo sai ya ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da jama'a suka ɗan ragu, sai mijin ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce: "Malam, mako uku tana gaya mini tiyon gas ɗin nan yana yoyo, ina ce mata ta bari a yi albashi. Yanzu ina da laifi a wurin Allah?" Kuɗin sabon tiyo kuwa bai kai na cefanen yini guda ba.

Na ba shi amsar da ta dace da mutumin da zuciyarsa ke zubar da jini, kuma zan dawo kanta a ƙarshe. Amma tun daga ranar nake ganin cewa wannan tambaya ta fi amfani idan aka amsa ta tun wuta ba ta tashi ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni'ima ce da ta shigo gidajenmu

Kafin komai, kada mai karatu ya fahimci cewa kira nake a jefar da tukunyar gas a koma murhun itace. Duk wanda ya taso yana ganin mahaifiyarsa tana hura wutar ɗanyen itace da damina, idanunta na zubar da hawaye, ƙirjinta cike da hayaƙi, ya san darajar wannan ni'ima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga hayaƙin girki da itace da gawayi da kananzir take fitowa, tana sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan uku a kowace shekara a faɗin duniya. Ga kuma sare itatuwa da ke ƙara kusanto mana da hamada a nan Arewa. Girki da gas yana rage waɗannan duka, yana kuma sauƙaƙa wa mata wahala.

A cikin Suratul Waƙi'a, aya ta 71 zuwa ta 73, Allah Ya ja hankalinmu zuwa ga wutar da muke kunnawa, Ya tambaye mu wane ne ya samar da tushenta, sannan Ya bayyana cewa Ya sanya ta ne ta zama tunatarwa, ta kuma zama abin amfani ga mabuƙata. Abubuwa biyu ke nan aka haɗa a wuri guda, amfani da gargaɗi. Allah Ya albarkaci ƙasarmu da ɗimbin arzikin gas a ƙarƙashin ƙasa, wanda aka ƙiyasta ya haura ƙafa tiriliyan 200 na ma'aunin murabba'i mai zurfi, kuma tun 2020 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Ma'ana, gas zai ƙara yawa a rayuwarmu, a kicin da masana'anta da mota. Abin da ya rage shi ne mu san halinsa, domin godiyar ni'ima tana farawa ne daga sanin yadda ake riƙe ta.

Annabi (SAW) ya kira ta abokiyar gaba

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare. Da aka ba Manzon Allah (SAW) labari, sai ya bayyana cewa wuta maƙiyiya ce gare mu, ya kuma yi umarni da a kashe ta idan za a kwanta. A wata ruwayar tasu daga Abdullahi ɗan Umar (RA), ya hana a bar wuta a cikin gidaje lokacin barci. A hadisin Jabir (RA) kuwa, ya haɗa wannan da rufe ƙofofi da rufe ƙwaryar abinci da ɗaure bakin salkar ruwa, ya kuma faɗi dalilin kashe fitila: ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone mutanen gida. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa hakan ya taɓa faruwa a gaban Annabi (SAW) kansa, ɓera ya jawo lagwani ya yar a kan 'yar tabarmar da yake zaune a kai, har ta ƙone gwargwadon faɗin dirhami.

Mu lura da abin da Annabi (SAW) ya yi da aka kawo masa labarin gobarar Madina. Shi ne mafi imani da ƙaddara a cikin halitta, amma bai tsaya a kan jajantawa ba, sai da ya fitar da darasi ya kafa wa al'umma ƙa'ida.

Malamai sun yi bayanin iyakar wannan umarni. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya nuna cewa hukuncin ya game fitila da kowace irin wuta, kuma yana rataye ne da tsoron gobara: inda ake tsoronta umarnin yana nan, inda aka aminta daga gare ta babu laifi a bar fitilar. Hafiz Ibn Hajar kuma, a Fathul Bari, ya kawo bayanin Imam Ƙurɗubi cewa wanda ya kwana shi kaɗai a gida to kashe wutar yana kansa, idan kuma jama'a ne, wanda ya fi cancanta da wannan aiki shi ne na ƙarshen kwanciya, kuma wanda ya yi sakaci ya saɓa wa Sunna.

To, idan dalilin hukuncin shi ne tsoron gobara, ina abin da ya fi cancanta da shi a gidajenmu na yau fiye da tukunyar gas? Ƙwan lantarki ya maye gurbin fitilar aci-bal-bal, amma ga tukunya mai kilo 12.5 tana kwana da mu a kicin, wani gidan ma a cikin ɗakin barci. Abin mamaki kuma, ɓeran da hadisi ya ambata bai yi ritaya ba. A da lagwani yake ja, yanzu tiyon roba yake gwiguya, musamman idan maiƙon miya ya zuba a kansa. Saboda haka kashe kan murhu kaɗai bai wadatar ba. Muddin makunnin da ke kan tukunya a buɗe yake, tiyo a cike yake da gas dare duka, kuma ƙaramar huda ta isa ta cika kicin kafin asuba. Wanda ya rufe gas daga kan tukunya kafin ya kwanta, da niyyar bin umarnin Annabi (SAW), muna fatan ya sami ladan raya Sunna, kamar yadda yake samu a addu'ar kwanciya barci.

Sanin halin gas

Ba a kare kai daga abokin gaban da ba a san halinsa ba. Gas ɗin da muke girki da shi a tukunya an matse shi ne har ya zama ruwa, shi ya sa ake jin motsinsa idan aka ɗaga tukunyar. Idan ya fito sarari yana komawa iska, kuma girmansa yana ninkuwa kusan sau 250. Wato ɗan abin da bai wuce cikin kofi ba zai iya gauraye kicin guda. Ba ya buƙatar ya cika ɗaki kafin ya zama haɗari: idan ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi guda ya isa. Tartsatsin kuwa yana iya fitowa daga makunnin ƙwai, ko soket, ko fanka, ko firji lokacin da ya tashi da kansa, ko lokacin da aka kawo wuta ba zato.

Siffa ta biyu ita ce gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a bayan kabad da cikin kwata da duk wani rami. Don haka 'yar tagar da ke can sama kusa da silin ba ta fitar da shi, kuma yaron da ke rarrafe da wanda ke kwance a tabarma su ne mafi kusa da shi. Wannan ya bambanta da gas ɗin bututu, wanda shi ya fi iska sauƙi, sama yake tashi. Shi ne kuma ake matsewa a zuba wa motoci, da matsi mai tsanani da ya ninka na tukunyar girki sau da yawa. Saboda haka tukunyar girki ba ta ɗaukar gas ɗin mota, kuma wanda ya yi dabarar haɗa su ya yi wasa da ransa da na jama'a.

Siffa ta uku ita ce a asalinsa gas ba shi da wari. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai da muke ji, wani sinadari ne ake zuba masa da gangan domin hanci ya gane yoyo. Da rayuka aka sayi wannan darasi. A ranar 18 ga Maris, 1937, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta a garin New London da ke jihar Texas ta Amurka, babu wanda ya sani, har tartsatsin wata na'ura ya tada shi. Kusan mutum 300 suka mutu, mafi yawansu ɗalibai. Bayan nan ne jihar ta kafa dokar tilasta sanya wa gas wari, sauran wurare suka bi. Don haka duk lokacin da ka ji wannan wari, ka sani gargaɗi ne aka aiko maka. Sai dai hanci yana sabawa da wari idan ya daɗe, kuma mai barci ba lallai wari ya tashe shi ba. Ga hikimar rufewa tun kafin a kwanta.

Darasin Mina

Wanda yake zaton tsarkin wuri ko kyawun niyya suna hana wuta ci, to ya tuna da Hajjin shekarar 1417 bayan Hijira. A ranar 15 ga Afrilu, 1997, gobara ta tashi a tantunan Mina, aka danganta ta da fashewar tukunyar gas ta girki. Iska ta kaɗa wutar, ta cinye dubban tantuna, fiye da alhazai 340 suka rasu, wasu fiye da dubu suka jikkata. Baƙin Allah ne, suna cikin harami, bakinsu na talbiyya, a wuri mai alfarma da kwanaki masu alfarma. Amma wuta ta yi abin da Allah Ya halicce ta a kai.

Abin koyi shi ne abin da ya biyo baya. Hukumomin Saudiyya sun maye gurbin tantunan yadi da waɗanda aka yi da kayan da ba sa saurin kamawa da wuta, waɗannan farare da alhazanmu ke kwana a ciki a yau, kuma aka hana shiga da tukwanen gas wuraren ibadar Hajji a kwanakin aiki. Babu wani malami da ya ce wannan raunin imani ne. Kowa ya gane cewa kare ran Musulmi yana daga cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar da malamai irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka yi bayani: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Gobara guda tana iya taɓa huɗu daga ciki a dare ɗaya.

Ƙaddara gaskiya ce, sakaci kuma laifi ne

A nan ne da yawa daga cikinmu ke tuntuɓe. Imani da ƙaddara rukuni ne na imani, babu abin da ke faruwa face da sanin Allah da nufinSa. Amma ana kafa hujja da ƙaddara ne don samun haƙuri bayan musiba ta auku. Ba a kafa ta don a wanke sakaci, balle a ci gaba da shi. Tirmizi ya ruwaito daga Anas (RA) labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah ko ya sake ta ya dogara, sai aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Haka nan Sayyidina Umar (RA), da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai Umar ya nuna masa cewa wanda ya kauce wa haɗari ya nufi aminci bai fita daga ƙaddara ba, domin dukansu biyu ƙaddarar Allah ce. A aya ta 195 ta Suratul Baƙara kuma an hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu.

Wani zai ce, ai wanda ya mutu a gobara shahidi ne. Haka ne, Imam Malik a Muwaɗɗa da Abu Dawuda sun ruwaito hadisin da ya lissafa wanda wuta ta ƙone a cikin masu samun ladan shahada, kuma wannan babban lallashi ne ga iyalan mamatanmu. Sai dai falalar ta wanda ya rasu ce. Ba ta sauke tambaya daga wuyan wanda ya ga haɗari ya kau da kai, ko wanda ya sayar da ruɓaɓɓiyar tukunya yana sane.

Fiƙihunmu na Malikiyya bai bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Mukhtasar, Shaihu Khalil ya lissafa wanda ya hura wuta a ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi a cikin waɗanda za su biya abin da wutar ta ɓata, tare da mai katangar da ta karkata aka gargaɗe shi bai gyara ba har ta faɗi. Ka duba wannan misali na biyu da kyau: an gargaɗe shi, yana da ikon gyarawa, bai gyara ba. Tushen duka shi ne ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda ta zo a hadisin da Malik da Ibn Majah suka ruwaito. Gidajenmu kuwa a manne suke da juna, gobarar gidan haya ba ta tsayawa a ɗakin wanda ya jawo ta.

Kowa da kiwonsa

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar (RA) ya sanya kowannenmu makiyayi da za a tambaya game da abin da aka ba shi kiwo, ya ambaci namiji a kan iyalinsa da mace a gidan mijinta.

Maigida, ciyarwar da Allah Ya ɗora maka ba ta ƙare a ɗuro gas ba. Lafiyar tukunya da tiyo da regileta tana cikinta. Tukunya tana da shekaru: hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sanya wa'adinta shekara 15, tare da gwajin inganci duk bayan shekara biyar, kuma ana buga shekarar ƙira a jikin ƙarfen. Wadda ta yi tsatsa a gindi, ko ta lotsa, ko mai walda ya yi mata faci, ta gama aiki. Araha ba ta ado, musamman a tsofaffin tukwanen da ake yi wa sabon fenti a sayar. Tiyo ya zama na gas, ba na ruwa ba, a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe maimakon ƙyalle ko robar taya, a canza shi da zarar ya bushe ko ya tsattsage. Inda hali ya yi, a ajiye tukunya a waje cikin inuwa inda iska ke ratsawa, a tsaye kullum, nesa da risho da murhun gawayi da janareto. Gwajin yoyo kuwa da kumfar sabulu ake yi: a shafa a mahaɗai, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne ɓarakar. Gwaji da ashana wauta ce da ta kashe mutane da yawa. Idan iyalinka suka ce suna jin wari, ka ɗauki maganar kamar sun ce sun ga maciji a ɗaki.

Uwargida, ke ce ke tsaye a gaban wutar. Ki ƙyasta ashana kafin ki buɗe murhu, kada ki buɗe sannan ki tafi neman ashana. Kada ki bar tukunya a wuta ki shiga hira ko waya, domin ruwan da ya tafaso ya zubo, ko iskar da ta shigo ta taga, suna kashe harshen wuta su bar gas yana fita. Wannan ya fi faruwa a Ramadan, lokacin girkin sahur da ido ke cike da barci, da hada-hadar buɗa-baki. Ki kula da dogon hijabi da faffaɗan hannun riga, musamman yadi mai santsi irin na roba da ke narkewa ya manne a fata. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne. Idan ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, murhun na buƙatar gyara, kuma yana iya fitar da iska mai guba da ba a gani ba a jin warinta, irin wadda ke kashe masu kwana da gawayi ko janareto a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Sannan 'yar aiki ko yarinyar da aka kawo daga ƙauye, wadda ba ta taɓa ganin gas ba, zalunci ne a tura ta kicin ba a koya mata ba.

Ɗalibai, ku ma abin ya shafe ku. Ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 wadda murhunta ke kanta ta zama abokiyar zaman ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen haya na kusa da makarantu. Ana girki da ita tsakanin katifa da labule da littattafai, a ɗaki mai mutum huɗu ko shida. Kada a ɗora mata faffaɗar tukunyar da za ta mayar da zafi ƙasa kan ƙarfen, kada a yi girki ƙofa a rufe, kada a kwana da ita kusa da kai. Idan dokar makaranta ta hana, bin dokar wajibi ne, domin an kafa ta ne don kare rayuka. Na ƙarshen kwanciya a ɗakin, wanda galibi shi ne mai karatun dare, shi ne mai alhakin dubawa.

Ga masu sana'ar gas

Sana'a ce ta halal mai albarka, amma amanarta tana da nauyi. Tauye kilo yana cikin abin da farkon Suratul Muɗaffifina ya yi wa alkawarin azaba. Cika tukunya fiye da ƙima kuma haɗari ne, ko da mai saye ne ya roƙa, domin dole a bar sarari kusan kashi ɗaya cikin biyar saboda ruwan gas yana kumbura da zafi, ga shi kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yana haura digiri 40. Idan aka kawo maka tukunyar da ta lalace, ka ƙi ɗurawa, ko da mai ita zai tafi wani shagon. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma barranta daga mai algus. Idan wannan a kan hatsi ne, ina ga wanda ya ɓoye aibin abin da ke iya kashe gida guda?

Wurin sana'ar ma abin dubawa ne. Ɗura gas daga tukunya zuwa tukunya a ƙaramin shago, tsakanin mai shayi da mai suya da mai walda, jefa maƙwabta ne cikin haɗarin da ba su zaɓa ba. A ranar 4 ga Janairu, 2020, gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha da ke Kaduna, mutane suka rasa rayukansu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, wanda rahotanni suka ce aski ya kai shi shagon da ke kusa. Neman lasisin hukumar NMDPRA da bin sharuɗɗanta yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da yake maslaha ce ta jama'a. Masu unguwanni da limamai kuma suna da haƙƙin yin magana idan suka ga an buɗe irin wannan shago a jikin makarantar Islamiyya ko a tsakiyar gidaje.

Idan an ji wari

Wannan sashe ya kamata kowane maigida ya karanta wa iyalinsa, har da yara. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Kada a ƙyasta ashana, kada a haska tocila ko waya a wurin, kada a tada janareto. A rufe gas daga kan tukunya idan ana iya isa gare ta, a buɗe ƙofofi da tagogi duka, a kashe duk wata wuta da ke kusa kamar gawayi ko turaren wuta, a fitar da kowa waje, a sanar da maƙwabta. Daga waje ake kiran waya, ko lambar gaggawa ta 112 ko ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa, kuma ya kamata lambarsu ta kasance a wayar kowane baligi a gidan. Idan wuta ta riga ta kama ta fi ƙarfin mutanen gida, a bar dukiya a tsira da rai.

Wanda wuta ta kama tufafinsa kada ya ruga da gudu, gudu hura ta yake yi. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Ƙuna kuwa ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi ake kwarara mata na kimanin minti 20, ba ƙanƙara ba, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja da gishiri ba magani ba ne, ƙara wa ciwo datti suke yi su wahalar da likita.

Amsar da na ba shi

Na ce wa bawan Allahn nan matarsa ta cika kwananta, muna kuma yi mata fatan shahada. Na ce masa bai yi nufin cutar da ita ba, kuma Allah Ya san haka, amma jinkirin da ya yi bayan an gargaɗe shi sakaci ne da ke buƙatar tuba da istigfari, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Abin da ya shafi diyya ko kaffara kuwa, hukunci ne da ke buƙatar a zauna da malamai masana fiƙihu a tantance yadda abin ya faru dalla-dalla, ba a yanke shi a zaman makoki. Na kuma roƙe shi ya riƙa ba da labarinsa ga duk wanda zai saurara, wataƙila Allah Ya tsirar da wani gida ta sanadinsa. Da izininsa na kawo shi a nan.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ina kira ga 'yan'uwana limamai da malaman Islamiyya, mu shigar da wannan cikin huɗubobinmu da darusan ladubban barci. Yaron da ya haddace addu'ar kwanciya, a koya masa cewa rufe ƙofa da rufe abinci da kashe wuta suna cikin koyarwa guda. Kai kuma mai karatu, daren yau kafin ka kwanta, ka leƙa kicin ka duba kan tukunyar da hannunka.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ta wannan hanya, Ya ba masu jinya lafiya, Ya tsare gidajenmu daga gobarar duniya, Ya tsare mu daga wutar Lahira. Allah ne Mafi sani.